Yadda Abdulganiyyu Ya Koya wa Na'ura Kuka

"Harshen Asam? A aljihuna yake!" in ji Abdulganiyyu, mai lodin kayan alhazai a Kudai ta Makka, yana buga ƙirji. "Shekara talatin ina jin su."

Ko ashirin ya ce? Ka yi mini uzuri, ɗan'uwa, kaina ya fara yoyo.

'Yar ƙanwarsa Rumasa'u ce ta kawo maganar. Ta haɗa wa wani masauki na'ura mai yi wa alhazan Asam na ƙasar Indiya sanarwa da harshensu. Kalmomi sun zauna daidai, amma muryar a miƙe take kamar sanda. Ana neman wanda zai karanta jimlolin da hawa da saukar muryar mutanen, na'ura ta kwaikwaya. Mai masaukin, Bandar, ya yi alkawarin kujerar tafinta, a ɗaki mai sanyi, ga wanda ya iya.

"Kawu, ka tabbata?"

"Ke yarinya, halas, magana ta ƙare! Kunna abin."

Ta rubuta masa jimlolin da baƙaƙen Larabci. Gogan naka ya gyara hula, ya ja kowace jimla yana karkarwar murya, ƙarshenta ya faɗo da shessheƙa.

"Kawu, lafiya?"

"Haka suke magana. Mutane ne masu taushin zuciya."

Abin da Sarkin Harsuna bai lura da shi ba shi ne, bai taɓa haɗuwa da su ba sai ranar tafiya gida, sun fito daga ɗawafin bankwana suna hawaye.

Ran gwaji, da azahar, na'ura ta sanar cewa abinci ya sauka, a zo a ci. Sai salati ya tashi daga hawa na uku. Maza suka gangaro da alwala, mata na rungumar juna, wani tsoho yana ƙidaya 'yan ɗakinsu. Shinkafa na can tana hucewa, ba wanda ya kalle ta.

Abdulganiyyu ya ce, "Kun gani? Ta ratsa su!" Ya sake dannawa. Kuka ya ƙaru.

Shugaban ayarin ya riƙe hannun Bandar, ya tambaya da Larabci, "Ya shaihu, mun ji kiran abinci, amma abincin makokin wa? Wa ya rasu?"

Bandar ya dubi na'ura, ya dubi Abdulganiyyu, ya ce:

"Aikin wannan bawan Allah ne ya rasu. Yanzun nan ya cika."

Alhazan Asam mutane ne masu ladabi. Layi suka yi, su arba'in, ɗaya bayan ɗaya suna yi wa Abdulganiyyu ta'aziyya.