Muƙaddashi da Shafin Bayan Labule

Ƙaramar hukumar nan ta yi dace da ma'aikata, amma babu kamar Muƙaddashin Daraktan Hulɗa da Jama'a. Mutum ne mai ƙaunar jama'a ƙwarai da gaske, har ya sa an yi wa ofishinsa ƙofa biyu don kada su sha wahalar ganinsa farat ɗaya. Allah ya ba shi murya, shi ma ya san an ba shi. Ko gaisuwa ka yi masa, sai ya yi gyaran murya ya kalli nesa kafin ya amsa, kamar mai jiran a kunna na'urar ɗaukar magana. A bayan ido ma'aikata suna kiransa Sai-Na-Gani, domin takarda, ko ta neman tsintsiya ce, ba ta motsi sai ya gani. Ganin nasa kuwa ba na gaggawa ba ne.

Abu ɗaya ya tsaya masa a rai, shi ne kalmar farko ta allon da ke ƙofarsa: Muƙaddashi. Ya daɗe yana riƙon kujerar har ta lotsa daidai zamansa, amma takardar tabbatarwa shiru kake ji. Waɗanda suka zo bayansa sun zama cikakkun daraktoci, sun yi tumbi, wasu har sun sauke. Shi kuwa kullum da safe in ya zo buɗe ƙofa sai ya tsaya inda kafaɗarsa za ta kare kalmar. Ga ritaya ta fara leƙowa, kuma abin da ya fi tsoro a duniya shi ne a ce ya gama aiki yana riƙe wa wani kaya.

Ana nan sai ƙungiyoyin gari suka zo da shawara. Masu ba da gudummawar jini, da iyayen 'yan makaranta, da mata masu ɗinki, da masu kwashe shara na sa kai, duk suka ce a yi shafi ɗaya a intanet, na hukuma da nasu a haɗe. Mutum ya buɗe waya ya ga ranar da za a ɗauke ruwa, da asibitin da ke neman jini, da inda ake ajin yamma, ba sai ya bi ofis-ofis ana ce masa oga ya fita ba. Ciyaman, mutum ne mai gajeren zance, ya kira Sai-Na-Gani ya damƙa masa aikin.

Ya ce, “Manyan baƙi za su zo daga ma'aikatar jiha ranar buɗewa. Ka cika mini ɗakin taro da mutanen ƙungiyoyin nan, ni kuma in cire maka kalmar da kake karewa da kafaɗa.”

Sai-Na-Gani ya fito yana tafiyar cikakken darakta tun kafin a yi.

Wata matashiyar injiniyar kwamfuta ta haɗa shafin, ya yi kyau kuwa. Da ta gama ta ce a buɗe wa jama'a su fara amfani da shi. Sai-Na-Gani ya dube ta da tausayi, ya bayyana mata cewa a tarihin aikin gwamnati ba a taɓa buɗe ko banɗaki ba tare da an yanka ƙyalle ba. Ya sa ta rufe shafin da hoton jan labule mai tuntu, da rubutu a tsakiya cewa sai ranar ƙaddamarwa. Mai kalmar sirri kaɗai ke iya ganin abin da ke bayan labulen, kalmar kuma ya karɓa ya adana a kansa. Da aka yi hoton kammala aiki sai aka ga injiniyar ta fi shi tsawo, don haka aka sallame ta da godiya mai yawa.

Kwamfutar ofishinsa ta riƙe kalmar sirrin, saboda haka duk sanda ya buɗe shafin kai-tsaye yake faɗawa ciki. Tun daga ranar farko bai ƙara haɗuwa da labulen ba. Wayar wani kuwa ba ya dubawa, don babba ba ya leƙa wayar na ƙasa da shi. Sannu a hankali ya manta da akwai labule.

Daga nan ya shimfiɗa tsarin aiki irin na zamani. Ƙungiya za ta rubuta sanarwarta a waya ta turo. Sakatariyarsa ta buga a takarda. Takardar ta kwana a teburinsa har ta huce. Ya gyara ta da koren biro, sakatariya ta sake bugawa a kwamfuta, sannan ya ɗora ta a shafi da hannunsa, da hotonsa a sama. Sanarwar masu kwashe shara ta samu hotonsa yana nuna nesa da yatsa. Ta mata masu ɗinki ta samu wanda ya dafa haɓa. Ya ce hoton na tabbatar wa jama'a cewa gwamnati na tare da su, ko da yake har lokacin babu wanda ya ga gwamnatin.

Shugabar gamayyar ƙungiyoyin tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya, kuma cikin rashin sa'a yayarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ta goya shi, ita ta share masa majina, kuma ba ta ga dalilin daina kiransa Auta ba don kawai ya sa kwat. Wata safiya ta ratsa ƙofofin nan biyu ba tare da ta tsaya wa kowa ba, ta ce akwai mai haihuwa a asibiti da ke neman jini irin wanda ba a cika samu ba, a sa a shafi yanzun nan.

Ya ce, “Yaya, a nan ofis ne. Ki ajiye wa sakatariya, sai na gani.”

Ta ce, “Auta, jini ne fa.”

Ya amsa mata cewa ai saboda jini ne ma ya sa ba za a yi garaje ba, sannan ya tambaye ta wanne hoto take ganin ya fi dacewa da maganar asibiti. Ta daɗe tana kallonsa, ranta a ɓace, har da ɗan kunya irin ta wanda ya yi raino. Ta fita ta zauna a bencin baranda ta dinga kiran mutanenta ɗaya bayan ɗaya har aka samu mai bayarwa. Sanarwar ta hau shafi bayan an yi sunan jaririn, da hoton Muƙaddashi yana murmushin jaje.

Wannan kiran waya da ta yi a barandarsa ya ƙona masa rai. Ya ga in aka bar mutane suna samun labari ta wasu hanyoyi, ranar buɗewa ba za su san darajar abin da ya yi musu ba. Ya tara shugabannin ƙungiyoyi a ɗakin taro, ya tsaya a bayan makirufo duk da cewa dukansu ba su cika layin gaba ba.

Ya ce, “'Yan uwana talakawa, zamanin jahiliyya ya wuce. Daga yau babu manna takarda a bango, babu saƙon waya, babu motar lasifika tana tayar wa mutane da hankali. Duk sanarwar hukuma da ba a shafi kuka gan ta ba, jita-jita ce. Ko ni na kira ku da bakina, ku ce mini sai kun gani a shafi. Haka ƙasashen da suka ci gaba suka ci gaba.”

Shugaban iyayen yara ya ɗaga hannu yana son ya yi tambaya game da labulen, aka ce masa lokacin tambayoyi ya wuce tun kafin a fara jawabi. Sai suka ce sun ji sun kuma amince, aka sa su maimaita da ƙarfi. Wanda ya yi nisa ba ya jin kira, su kuma dama sun gaji da kiran.

Akwai wani dattijo mai shela da ya tsufa a cikin motar lasifikar hukuma, shi ke zaga unguwanni yana faɗin ranar rigakafi da ranar yashe kwata. Washegari, bisa sabo, ya fita ya sanar da mutane za a ɗauke ruwa. Sai-Na-Gani ya dakatar da shi daga aiki saboda yi wa ci gaba zagon ƙasa, ya karɓe makullin motar ya jefa a aljihun tebur. Takardar dakatarwar nan ce ta farko da aka taɓa gani ta bar teburinsa a ranar da ta hau.

Da ma'aikata ta aiko da ranar da baƙi za su zo, ya rufe ƙofofinsa duka biyu ya zauna rubuta gayyata. Kai, gayyata ta yi gayyata. Ta fara da tarihin rayuwarsa, ta bi ta kan gwagwarmayarsa, ta sauka a kan rana da lokaci can ƙasa. Ya ɗora ta a saman shafi da sabon hoto, ya jingina da kujera yana karanta ta a kwamfutarsa, har ƙwalla ta taru masa. Sakatariya ta buɗe baki za ta ce wani abu, ya ɗaga mata hannu don ya zo daidai wurin da ya fi so. Ta rufe bakinta, domin ita ma tana da yara.

Rana ba ta ƙarya. Aka jera kujeru har baranda, aka ɗaura jan ƙyalle a gaban babban allon bango, aka ajiye almakashi a faranti. Ciyaman ya zo da kansiloli, don su daga ma'aikata suka ji. Baƙi suka iso, babbar jami'a a gabansu, mace mai yawan duba agogo. Aka zauna ana kallon ƙofa. Fanka na juyawa, kujeru na nan a jere, babu wanda ya shigo sai mai gyaran makirufo, shi ma ya fita.

Sai-Na-Gani ya ce jama'armu ba su san mutunta lokaci ba, ya yi dariya shi kaɗai. Can dai gumi ya fara keto masa ta cikin kwat. Ya zame bayan ƙofa ya kira yayarsa a waya, murya ƙasa-ƙasa, ya tambaye ta ina suka tsaya.

Ta ce, “Wane taro kuma? Da safen nan na leƙa shafi, labule na gani.”

Ya ce ta taimaka ta tattaro mutanenta yanzu-yanzu, ko su waye, ko da kayan aiki a jikinsu. Ya ji ƙarar ruwa, da alama wanki take yi. Sannan ta ce masa wallahi tana tausayinsa har zuciyarta, amma a gaban mutane ya sa ta ɗaukar alkawari, ita kuma ba ta girma da yaɗa jita-jita ba.

Da ya dawo ya tarar babbar jami'ar ta fito da wayarta tana nuna wa Ciyaman jan labule mai tuntu. Ciyaman ya cire tabarau ya goge ya mayar. Amma Sai-Na-Gani ba ƙaramin ma'aikaci ba ne. Ya hau mumbari ya yi wa kujeru barka da zuwa, ya gode musu bisa haƙurinsu, ya karanta jawabinsa bai tsallake ko layi ba. Ya yanka ƙyalle, ya buga kalmar sirri, labule ya yaye. Sai ga hotonsa ya cika bango, a ƙarƙashinsa ana gayyatar ɗaukacin jama'a zuwa taron da ake shirin tashi daga gare shi. Wani kansila ya fara tafi, ya ga shi kaɗai ne, ya mayar da abin kamar sauro yake kashewa.

Kafin mako ya zagayo aka dawo da injiniyar, aka ba kowace ƙungiya mabuɗinta ta riƙa sa sanarwarta da kanta. Ciyaman ya sa sabuwar ranar buɗewa, ya kuma ce tunda yawancin mutanen gari ba su ma san akwai shafin ba, dole a zaga a faɗa musu da baki. Sai aka tarar mai shela na cikin dakatarwa, kuma an rubuta ta da ƙa'ida sosai, babu mai iya ɗage ta sai wa'adinta ya cika. Ciyaman ya ce ai ba a rasa mai murya ba a gidan nan.

Haka aka ga Sai-Na-Gani a kujerar gaba ta motar lasifika, cikin kwat, makirufo a hannu, yana karanta sanarwar da yayarsa ta rubuta, babu tarihi, babu hoto. A gaskiya muryar ta fita, har can ƙarshen layi ana jin ta. A wata unguwa wata tsohuwa mai shara a ƙofar gida ta ɗaga tsintsiya, direba ya tsaya. Ta leƙo ta taga ta ƙare masa kallo, ta tambaye shi ko shi sabo ne, ina kuma mai shelarsu.

Ya yi gyaran murya ya kalli nesa, ya ce mata da Daraktan Hulɗa da Jama'a take magana.

Ta ce, “To madalla, ɗan nan. Ka riƙe masa da kyau kafin ya dawo.”