Gajeriyar Hanya ta Fadama

Ni mutum ne da ba ya tsallaka titi sai ya duba sau biyu, don haka har yau ina mamakin yadda na yarda da kaina ranar tseren Wamakko zuwa Sakkwato. Dokar tseren ita ce ka bi duk inda ka ga dama, ka dai iso Ƙofar Taramniya. Waɗanda suka fara isowa ne za a ɗauka cikin 'yan gudun jiha.

Labarin ƙasa na karanta a jami'a, kuma na daɗe ina nazarin taswira a waya. Na gano wata hanya ta cikin fadama wadda, a ganina, za ta rage nisa.

Abokina Bulus, malamin firamare, wannan ce damarsa ta ƙarshe saboda shekaru. Yana cikin na gaba a tseren lokacin da na ja hannunsa zuwa hanyar fadamar.

"Ka tabbata?" in ji shi.

Na ce, "Kusan na tabbata."

Ashe da rani aka ɗauki hoton taswirar, mu kuwa muna ƙarshen damina. Laka ta riƙe mu har cinya a gonar shinkafa, ta haɗiye takalmin Bulus. Bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Yanzu a unguwarmu, Gidan Dahala, ko masallaci na nufa sai an ce, "Malam Taswira, ta titi za ka ko ta shinkafa?" Bulus kuwa, in baƙo ya nemi kwatance, ni yake fara tambaya, sannan ya nuna masa ɗaya ɓangaren.