Fatun da Na Jiƙa a Kamfanin Biskit

Da na ajiye aikin gwamnati, sai na koma rubuta wa kamfanoni takardar neman tallafi. Sau uku ina rubutawa ana dacewa, nan fa kaina ya kumbura. Don haka da wata Hajiya mai kamfanin biskit a Bompai ta kira ni, ko zagaya wurin ban yi ba. Na ɗauko takardar da na taɓa yi wa wani kamfanin jimar fata a Challawa, na sauya suna da adireshi, na tura. Har da ce mata, "Hajiya, ku sha kuruminku, wannan aikina ne."

Ranar da masu ba da tallafin suka zo dubawa, na sha babbar riga, ina gaba-gaba. Shugabarsu ta buɗe shafi na tara, ta dubi injinan, ta ce, "To ina ramukan da kuke jiƙa fatun? Kun rubuta cewa warinsu ya hana maƙwabta sakat."

Wani ma'aikaci ya saki tiren biskit a ƙasa. Hajiya ta juyo a hankali ta dube ni.

"Malam, fatar me muke zuba wa 'ya'yan mutane a biskit?"

Ni kuwa sai na hau salati.

Yau shekara huɗu ke nan. Ko jiya da na bi ta ƙofar kamfanin, mai gadi ya toshe hanci ya ɗaga murya: "A ba Sarkin Jima hanya, kada ya taɓa mana fulawa!"