Rasuwar Daɓen Katakon Falonmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, ni Evaristo Palomeque nake sanar da dangi da maƙwabtanmu na bakin teku a Cartagena rasuwar daɓen katakon falonmu, yana da wata goma sha ɗaya a duniya.

Marigayin haifaffen ƙasar sanyi ne. A mujalla na fara ganinsa ina shekarar ƙarshe a jami'a, nan take na yanke hukuncin cewa tayil ɗin da marigayi mahaifina ya shimfiɗa da hannunsa ƙauyanci ne. Na sa aka ɓamɓare shi. 

Daga halayensa na gari, yana da faɗi, kowane falle ya fi tafin hannu biyu, kuma yana kyau a hoto. Na yi kwanaki ina neman na uku, ban samu ba.

Don Nicanor kafinta ya roƙi a bar katakon ya yi wata guda cikin gida ya saba da iskarmu, a kuma bar masa rata a gindin bango. Na ƙi, saboda abokaina za su zo ranar Lahadi. Ya ce, "Dakta, katako bai san digiri ba. Laima yake sha, mai faɗi kuma ya fi ƙishirwa."

Jinyar ta fara da damina. Mahaifiyata, Doña Eufemia, ta ci gaba da sheƙa masa bokitin ruwa kowace safiya, yadda ta yi shekara arba'in tana yi wa tayil. Gefunansa suka ɗaga, tsakiya ta lotsa kamar kwalekwale, ko kyanwa ta taka sai ya ce ƙiii. Ranar Talata ya harɗe tsohuwar tawa tana riƙe da kofi, gwiwarta ta kumbura. Daga zaune a ƙasa ta ce, "Ɗana, yanzu ko falona zan ƙetare sai na nemi matuƙi?"

Ya rasu ya bar gara, fumfuna, ƙusoshi masu tsatsa, da ni.

Jiya na ɗauki ƙarfe na ɓamɓare shi ni kaɗai. Da na kai gawar farfajiyar baya, sai na tarar da tayil ɗin mahaifina a gindin mangwaro, mahaifiyata ta wanke, ta jera, ta rufe da tamfol.

Za a yi jana'iza ranar Asabar a murhun Doña Petrona mai suyar kifi. Litinin Don Nicanor zai mayar da tayil. Ni ne mai kwaɓa siminti.