Yakuwar Inna Batula a Gonar Bareyi

Ranar Asabar da ta wuce, da hantsi, ni Kadidiatou, wadda ko titi ba ta tsallakawa sai fitila ta yi kore, na tsinci kaina rataye a kan shingen waya a tsakiyar daji. Siket ya maƙale, tabarau ya faɗi, Inna Batula tana turo ƙafata daga ƙasa tana cewa, "In za ki faɗi, ki faɗa ciki."

Wannan ne rubutuna na farko, kuma sau bakwai na goge layin da ke sama, don haka ku yi mini haƙuri in koma baya kaɗan.

Unguwarmu tana gabas da Paris, dogayen benaye, daji a bayansu. Tsakanin benen da dajin matanmu suna da 'yar garka. Inna Batula yayar mahaifiyata ce, kuma ita ce mai yakuwa. Irin daga Tasawa ya zo, mahaifiyarta ce ta ƙulle mata shi a bakin zane shekara goma sha tara da suka wuce, ba su sake ganin juna ba. Kowace shekara Inna tana shuka shi cikin kofunan yawur, wato yogot, a bakin taga, ta dasa a garka, in sanyi ya matso ta cire 'yan gindi ta sa a bokiti ta shigo da su ɗaki har irin ya nuna. Shekarar da aka rasa, an rasa ke nan.

To dajin yana da bareyi, kuma bareyin sun san hanyar garka. Shekara uku muna roƙon shinge. Ni ce mai rubuta takardun, tunda ni ce "mai karatu". Amsa ɗaya ake ba mu: ana nazari.

Bana shugaban ofishin lambuna na garinmu, Mai Girma Sarkin Ciyawa, Allah ya ƙara masa kwamiti, ya gama nazarin. Ya ɗauko mana masani tun daga Lyon. Masanin ya haska hotuna a bango, ya ce barewa ba ɓarauniya ba ce, yunwa ce ke damunta. A share fili cikin daji a shuka mata abincinta, za ta manta da mu. Ni kuwa da na karance littafi uku a kan bareyi a daren jajibere... a'a, a satin, sai na ɗaga hannu na ce ilimi ya tabbatar da haka. Nan take aka naɗa ni wakiliyar al'umma, aka rataya mini kati a wuya. Wallahi har na ji daɗi.

Ranar shuka an kafa rumfa, an kawo masu hoto da sababbin shebur goma. Abu ɗaya ne bai iso ba: iri. Takardarsa tana jiran sa hannu. Mai Girma ya dubi baƙar ƙasa, ya dube ni, ya ce, "Mademoiselle, ba a ɗaukar hoton ƙasa tsirara. A samo mana kore."

Mai hankali sai ta ce babu. Ni ban taɓa iya ce wa mai kwat a'a ba. Na ruga gida, Inna tana kasuwa, na kwashi kofunanta arba'in, duka. A raina aro ne na awa ɗaya. Aka dasa, aka yi murmushi, aka yi hoto. Ina jiran a watse in tone kayana, sai ga mota da ma'aikata. Kafin la'asar sun kewaye filin da waya mai tsayin mutum, sun buga kwaɗo. Masani ya ce dole a kare shukar daga bareyi har ta girma.

Shingen da muka yi shekara uku muna roƙo, ga shi nan, sabo fil, yana tsare abincin barewa daga barewa.

Da na faɗa wa Inna, ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta dubi tagar da babu komai a kai, ta ce, "Duka kika ɗauka?" Na ce duka. Ta ce, "A cikin littattafan naki babu wanda ya ce a bar ko biyar?" Wata huɗu tana amsa gaisuwata da baki kawai.

Bareyi kuwa da suka tarar da gonarsu a kulle, suka dawo garkarmu da iyalansu. Maƙwabcinmu Malam Abdourahamane, mai dakon kaya a kasuwar Rungis, ya tare ni a gaban asansar, injin hawa benenmu.

"Wakiliya, ina kwana? Ya jama'ar taki?"

"Malam, matan suna lafiya."

"Ba su nike nufi ba. Masu ƙafa huɗun. Sun gama da kabejin iyalina, ki tambaye su ko da gyara."

Na rubuta takarda biyar ina neman a buɗe mana. Amsa ta zo cikin ladabi: duk abin da ya tsiro cikin filin ya zama abincin namun daji, kuma ba mai shiga sai ma'aikaci ko barewa. Za a buɗe wa bareyi ƙofa ranar Litinin, da biki.

Na karanta wa Inna. Ta ce, "Mi ya rage tsakaninmu da Litinin?" Na ce kwana biyu. Ta ɗauko bokitai da hauya.

Haka aka yi na faɗa ciki, kamar yadda ta umarta. Na laluba na samo tabarau, idonsa ɗaya ya tsage. Yakuwa ta kai mini ƙugu, ja jawur, ba abin da ya taɓa ta. Gaskiya a yaba wa Mai Girma, shingensa yana aiki. Ina tonowa da saiwa ina miƙawa ta sama, Inna tana karɓa tana, "A hankali, ba takarda ba ce." Talatin da ɗaya suka rayu. Fitowar ba zan ba da labarinta ba.

A gida ta jera bokiti uku a ɗakina, kusa da littattafai. Ta ce, "Waɗannan naki ne. Ki ba su ruwa, in kin ga dama ki karanta musu." Ranar ta zuba mini tuwo da hannunta.

Jiya sanarwa ta fito a jikin ƙofar bene. Mai Girma ya je buɗe fili ya tarar babu ko ganye. Masani ya yi bayani daga Lyon: don tsananin son abincin, bareyi sun tsallake shinge sun cinye har saiwa. Shiri ya yi nasara, baɗi za a ninka fili, a ƙara wa shinge tsayi. Garkarmu kuma ana nazari.

A ƙasan sanarwar kuma an ce a sa wa barewar da ta fi ƙwazo abin wuya don a riƙa bin sawunta, ni kuwa tuni na cire nawa katin daga wuya.