Fitilar Sarkin Makullai

Duk wanda bai san Sarkin Makullai ba, to baƙo ne a unguwar, sai a yi masa uzuri. Shi ne mai riƙe da siton kamfanin sabulu, mutumin da ko kwali ɗaya ba ya fita sai da izininsa. Makullan da ke rataye a ƙugunsa sun ishi gidan yari, ko da yake ƙofar siton ɗaya ce tak, sauran na akwatunan da suka daɗe da ɓacewa ne. Idan ya hau kekensa da safe, kacau-kacau ɗin makullan kan riga shi shan kwana, jama'a su shirya gaisuwa. Shi kuma ya ɗaga yatsu biyu, don bai saba rowa ba.

Abu ɗaya ne ya hana bawan Allah sakat. Ba ya rufe sito sai rana ta faɗi, lokacin da janaretocin layi suka cika kunnen kowa, ba mai jin ƙarar makullai. Sai ya ratsa unguwa cikin duhu kamar kowane mai keke. Hatta mazauna bencin ƙofar mai aski, waɗanda da safe har miƙewa suke yi, ba mai ko ɗaga kai. Abin ya ci masa rai har ya fara rage abinci.

"Maigida, ni ramukan hanyar nan nake jiye maka," in ji matarsa. "Ka sayi fitila mana."

Ya yi mata kallon tausayi. Washegari ya sanar da ita cewa bayan dogon nazari, ya yanke shawarar sayen fitila.

Mai shagon kayan keke ya baje masa su a kan kanta. Ga mai batir, ga ta caji, ga wadda ke gogar taya, ga 'yar ja ta baya. Sarki ya ture jar da bayan hannu.

"Wanda ke bayana ai ya riga ya makara. Me zan haska masa?"

Ya ɗauki wata dirkekiya, ya juya ta, ya ji kuɗinta, nan take ya gano aibinta.

"Wannan ta marasa kwarjini ce. Mutum irina da haskensa yake yawo, ɗan ciko kawai nake nema. Miƙo mini waccan ta ƙarshen layi."

Waccan ta ƙarshen layi ita ce mafi araha a shagon, amma wannan dacewa ce kawai. Mai shago ya haska ta a bango don a ga nisan da take kaiwa. Sarki ya ce ba bango ya zo gani ba, a ba shi madubi. Ya haska fuskarsa ta dama, ya haska ta hagu, ya gyara gashin baki, ya gamsu. Da aka zo ɗaurawa a hannun keke, ya ce a juyo da ita ta kalle shi.

"Ranka ya daɗe, hanya fa ake haskawa."

"Hanyar da na fi shekara ashirin ina bi? Na santa, ta san ni. Jama'a ne ke cikin duhu, malam, su za a taimaka wa."

Kai, ranar an sha kallo! Ga fuska tana tafe a iska ba gangar jiki, haske ya doki haɓa, ƙofofin hanci sun fito sarai. Layi ya ɗauka: "Barka da dawowa, Sarki!" Mazauna benci har da tafi. Shi kam ba ya ganin komai sai fari fat, don haka ya raba yatsu biyu dama da hagu ba nuna bambanci, har turken lantarki ya samu rabonsa. Daɗi ya kama shi, ya ji kamar keken ba ya taɓa ƙasa.

Da ya kai ƙofar gida sai tausayi ya kama shi: wataƙila akwai waɗanda ba su samu damar gaishe shi ba. Ya juya don zagaye na biyu. Daidai ƙofar mai aski ya ga yatsu biyu sun yi kaɗan, ya saki keke ya ɗaga hannu biyu.

Kwatar da ke gaban shagon mai wanki ta karɓe shi da keke da makullai gaba ɗaya, tsulum!

Yana kwance cikin ruwan kumfa, ƙafa ɗaya a sama, fitilar nan tana nan daram tana haska fuskarsa. Karon farko a rayuwarsa ya so a ce ba wanda ya san shi. Ya lalubi maɓalli ya danna, hasken ya ƙaru. Ya sake dannawa, ta shiga walƙiya, fal-fal-fal, tana kiran mutanen da ma ba su ji faɗuwar ba. Kafin ka ce me, layi ya kewaye kwata.

Sarki ya maƙale murya, ya rufe ido, ya ce, "Ba shi ba ne. Wani ne."

Mai aski ya durƙusa ya miƙa masa hannu cikin ladabi.

"Haba, ranka ya daɗe. Ai tun daga bakin titi ake ganin kai ne."