Rasuwar Dogon Layi Mai Zaɓi Goma Sha Ɗaya

Da zuciya cike da baƙin ciki nake sanar da 'yan'uwa da abokan aiki rasuwar Dogon Layi, wanda ya cika a gaban idona, a kan baƙin allon kwamfutata, bayan shekara bakwai yana mana hidima.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba, a ofishinmu muna rubuta manhajar da ke tuƙa lifta. Ita ce ke ce mata ta hau, ta sauka, ta kama birki. Kafin mu miƙa aiki ga masu gini, akwai wata manhajar bincike da muke kira Mai Duba, wadda ke karanta rubutunmu layi-layi ba tare da an kunna komai ba, ta tono kurakurai. Mai Duba ba ta motsi sai da umarni, kuma Dogon Layi shi ne umarnin: jimla guda mai zaɓi goma sha ɗaya, kowane zaɓi da 'yan sanduna biyu kwance a gabansa, yana gaya mata inda za ta duba da inda za ta kawar da kai. In ta ce lafiya, ni nake sa hannu a takarda cewa an bincika. Hannuna yana kan lifta ɗari da arba'in da biyu, kuma mutane na cikinsu yanzu haka da nake wannan rubutu.

Marigayin mai sauƙin kai ne. Bayan ranar farko, bai ƙara sa ni na rubuta shi da yatsuna ba. Maɓallin kibiyar sama kawai nake dannawa sau uku, sai ga shi ya fito da tsawonsa har yana naɗe ƙafa a layi na biyu. Fankar kwamfuta ta yi fuuu, daƙiƙa huɗu, sai ƙit, sai koren rubutu: babu kuskure. Bai taɓa kunyata ni a gaban Manaja ba. Abokaina na wasu ofisoshi suna kukan nasu binciken na cin rabin awa yana amayo musu gargaɗi ɗari-ɗari, ni kuwa ina tausaya musu, har ina ba su shawarar su riƙa tsabtace aikinsu. Allah ya yafe mini wannan bakin.

Na gaje shi ne daga Tsohon Oga, wanda ya koya mini aiki. Ranar da zai yi ritaya ya miƙo mini shi a 'yar takarda, ya ce, "Kada ka taɓa masa ko waƙafi." Ban taɓa ba, ban kuma karanta ba. Zaɓi uku na farko na san aikinsu. Sauran takwas ɗin ina girmama su ne kamar dattawan da ake gaisarwa a taron dangi ba tare da an san ta ina aka haɗu ba.

Ciwon ajali ya fara ne ranar Talata, lokacin da abokiyar aikina, wadda muke kira Uwar Tambaya, ta sabunta Mai Duba zuwa sabuwar fitowa. Da safiyar Laraba na danna kibiya kamar kullum. Babu fuuu, babu ƙit. Jan rubutu ne guda: ba a san zaɓi na tara ba. Na sake dannawa. Na kashe kwamfuta na kunna. Na hura allon rubutu, ko ƙura ce. Duk abin da mai jinya ke yi na yi.

Uwar Tambaya ta jawo kujera ta ce, "Yallaɓai, wai shi na taran me yake yi?" Na ce aikinsa yake yi. Sai ta yi abin da ban yi ba cikin shekara bakwai: ta buga zaɓin neman bayani a tsohuwar fitowar, jerin ya zubo, ta bi shi da yatsa. Aikin na tara shi ne ya ce wa Mai Duba ta tsallake folda guda, kada ta leƙa ciki. Ta buɗe foldar. Rubutun birki ne, gaba ɗayansa.

Muka cire na taran, muka tura sauran. A nan ne rai ya yi halinsa. Mai Duba ta yi minti ashirin da shida tana karatu, fanka na kuka kamar za ta tashi sama. Ta fito da gargaɗi ɗari shida da goma sha uku. Na farko kaɗai na iya karantawa: wai akwai hanyar da, in wuta ta ɗauke lifta tana tsakanin hawa biyu, manhajar za ta nemi wani adadi da ba a taɓa sa mata ba. Uwar Tambaya ta ce in kwantar da hankali, yawancin irin wannan ƙarar banza ce. Yawanci, ta ce. Na tambaye ta sauran fa, ta ci gaba da kallon allo.

Na kira Tsohon Oga in yi masa ta'aziyya, in kuma ji dalili. Yana ba tsirrai ruwa, ina jin ƙarar tiyo. Ya ce, "Ayya, ɗana, ni ma a allon wani na kwafo shi. Ya daina aiki ne?"

Marigayin ya rasu ya bar zaɓi goma marayu, waɗanda yanzu nake wa kallon tuhuma ɗaya bayan ɗaya. Ya bar takardu ɗari da arba'in da biyu masu ɗauke da sa hannuna, da Manaja wanda har yanzu bai sani ba, jiya ma ya dafa kafaɗata a bakin ƙofa. Ya bar mahaifiyata, wadda ke zaune wajen ƙanena a hawa na goma na wani gini da mu muka yi wa aiki. Na buga mata waya na ce, Mama, don Allah kwana biyun nan ki riƙa bin matakala. Ta ce, "Da wace gwiwar? Kai dai faɗa mini abin da ka yi." Ban faɗa ba. Na ce motsa jiki yana da kyau, ta kashe wayar.

Ba zan ɓoye ba, an yi tunanin tayar da mamaci. Tsohuwar fitowar Mai Duba na nan a ajiye. Minti biyar ya isa in mayar da ita, koren rubutu ya dawo, kowa ya ci gaba da harkarsa. Na kai hannu sau biyu. Tsoron Manaja ne ya kai hannun, tsoron waya ta yi ƙara a ce mini lifta ta faɗo ne ya janye shi, kuma na biyun ya fi ƙarfi. Tun Laraba duk kiran da ya shigo sai na duba lambar sau biyu kafin in ɗauka.

Za a yi jana'iza ranar Litinin da ƙarfe goma na safe a ofishin Manaja. Ni zan ɗauki gawar da kaina, shafi arba'in da ɗaya na gargaɗin da na buga a takarda, Uwar Tambaya za ta biyo ni a baya. Zan nemi a kira masu gini duka a tsayar da liftocin har a gama duba birki. Ban san ko zan fito daga ɗakin da aikina ba, don haka masu addu'a su haɗa da ni.

Za a karɓi gaisuwa a teburina bayan an fito, in har teburin yana nan. Muna hawa na bakwai. Masu zuwa, don girman Allah, ku biyo ta matakala.